Yadda ake tara rikodin rihazal na Bob Dylan wanda kamfani bai fitar ba

Duk wanda ya daɗe yana jin Bob Dylan, mawaƙin nan na Amurka, ya san halinsa, baya rera waƙa yau yadda ya rera ta jiya. Waƙar da ka haddace a album ɗinsa na 1965 in kaji yadda yayi ta a rangadin 1978 sai ka ɗan jima kafin ka gane ita ce, an canza kiɗan, an sa sakso da 'yan amshi mata, wani lokacin har baitukan ma ya taɓa. Toh wannan canjin a ɗakin rihazal, wato wajen bita, ake ƙulla shi, makonni kafin a fita rangadi, babu 'yan kallo babu tafi, daga shi sai makaɗansa, a fara waƙa a tsaya a tsakiya, a rage sauri a koma farko, a gwada wata waƙar da ƙarshenta ma ba za'a taɓa yinta gaban jama'a ba. Wasu daga cikin kaset-kaset ɗin da aka naɗa a irin wannan zaman sun fita waje, suna ta yawo hannu da hannu tsakanin masoyansa shekara da shekaru, kuma su nake so in nuna maka yadda ake tarawa. Amma tun yanzu ka sani, sauke fayil shine mafi sauƙin aikin, wahalar tana wajen sanin ranar da aka naɗa, da inda aka naɗa, da hannun da ya bi kafin ya iso gare ka. Wanda bai damu da waɗannan ukun ba zai cika had-disk ne kawai da abunda shi kansa bai san menene ba.

Kafin komai bari mu gama da maganar haƙƙi, dan bana son a yaudari kowa. Dylan bai taɓa bada izinin a riƙa yaɗa waɗannan abubuwan ba, shi yasa ma bazaka samu wasanninsa a sashen kiɗan kai-tsaye na Internet Archive ba, inda ake ajiye na mawaƙan da suka yarda irin su ƙungiyar Grateful Dead. Sayar da butleg, wato rikodin da aka fitar ba da izinin mai waƙa ba, laifi ne a Amurka, akwai dokar 1994 a kai, kuma harkar butleg ɗin rock ɗin ma gaba ɗaya da sunansa ta fara, da faifan Great White Wonder da ya fito a Los Angeles a 1969. Abunda masu tarawa na gaske suka tsayu a kai shine ba'a saye, ba'a sayarwa, kuma duk abunda kamfani ya fitar a hukumance an daina yaɗa shi daga ranar. Wannan baya mai da abun halal a idon doka, amma dai ni a nan na tsaya, kuma in kaga wani yana tallan irin wannan kayan yana neman dala dan Allah ka wuce shi, abunda yake sayar maka kyauta ya same shi kuma ko sisi baya zuwa wajen mai waƙar.

Matakin farko, ka fara da wanda aka fitar a hukumance. Nasan zaka ce ai ba shi muka zo nema ba, amma akwai dalili biyu. Na ɗaya kunnenka yana buƙatar ma'auni, sai kaji yadda rihazal mai kyau yake in an ɗauko shi daga asalin tef kafin ka iya gane lalatacce. Na biyu kuma kar ka ƙona data kana neman abunda yanzu yana Spotify ko YouTube Music da sauti mai kyau. Tun 1991 kamfanin faifansa Columbia suke fitar da jerin Bootleg Series, kuma na 13 da ya fito a 2017 yana da rihazal na shekarun 1979 zuwa 1981 lokacin da yake waƙoƙin addinin Kirista, na 16 kuma da ya fito a 2021 babban bugunsa ya buɗe ne da rihazal na kakar 1980, inda zakaji shi yana ta gwada waƙoƙin wasu mawaƙa har da ta Neil Diamond. Sai akwatin Rolling Thunder Revue, rangadinsa na 1975, da ya fito a watan Yuni 2019, faifai 14, ukun farko duk rihazal ne na Oktoba 1975. Ka zauna da waɗannan sosai tukuna. Kuma ka riƙa bibiya dan abun da yake butleg bana yana iya zama na hukuma baɗi, musamman saboda dokar Turai da tace rikodin da ba'a fitar ba cikin shekara 50 kariyarsa ta faɗi, wannan ce tasa a ƙarshen 2012 Sony, masu kamfanin Columbia, suka buga wani tarin tsofaffin naɗe-naɗensa na 1962 kwafi kusan 100 kacal dan kawai su riƙe haƙƙinsu.

Mataki na biyu, zaɓi zamani ɗaya ka tsaya a kansa. Mutumin nan tun farkon shekarun 1960 yake waƙa, in kace komai zaka tara a lokaci ɗaya zaka ruɗe. Rihazal ɗin da suka fi yawo ba su da yawa, ga manyan ciki. Akwai na Rolling Thunder, wanda akayi a situdiyon S.I.R. na New York a Oktoba 1975 sannan aka ƙarasa a Seacrest Motel da ke Falmouth a jihar Massachusetts ranar 29 ga wata, washegari 30 ga Oktoba aka buɗe rangadin a Plymouth. Akwai na zagaye na biyu a Afrilu 1976 a otal ɗin Belleview Biltmore kusa da Clearwater a Florida. Akwai na Rundown, wani gini da ya kama haya a Main Street cikin Santa Monica, inda aka fara shiri tun Disamba 1977 har zuwa Fabrairu 1978 kafin a tashi zuwa Japan a buɗe a zauren Budokan na Tokyo ranar 20 ga Fabrairu, rangadin da ya kai wasa 114 a shekarar. Akwai na Mayu 1984 a Beverly Theatre da ke Los Angeles tare da Mick Taylor tsohon mai jitar Rolling Stones, kafin a buɗe a Verona ta Italiya ranar 28 ga Mayu. Sai na Club Front a San Rafael, wajen Grateful Dead, gabanin wasanni shidan da suka yi tare a Yuli 1987, wannan awanni ne masu yawa kuma akwai waƙoƙi da dama a ciki da basu hau dandamali ba a wannan rangadin.

In ni zaka tambaya, ka fara da Rundown 1978. A nan ne zakaji ana rushe tsofaffin waƙoƙi ana sake gina su daga tushe, kuma tunda an fitar da cikakkun wasanni biyu na Budokan a hukumance a 2023 kana da inda zaka kwatanta farkon abu da ƙarshensa.

Da ka zaɓi zamani sai ka nemo kalandarsa kafin ka sauke ko fayil ɗaya. Marigayi Olof Björner, wani ɗan Sweden, ya shafe shekaru yana rubuta jerin duk wani wasa da zaman situdiyo da rihazal na Dylan da aka sani, rana bayan rana, da sunayen waƙoƙi da makaɗan da suke wajen, sunan aikin Still On The Road kuma kyauta ake karanta shi. Ka buɗe shekarar da kake so, ka kwafe ranakun rihazal ɗin a littafi ko a Excel, kowace rana da waƙoƙinta. Wannan takardar ita ce zata zama jagorarka, duk abunda ka samu daga baya da ita zaka gwada.

Mataki na uku, inda ake samu da yadda ake zama da mutanen wajen. Expecting Rain shine tsohon dandalin masoyan Dylan, a nan ake jin labarin sabon tef in ya ɓullo. DimeADozen kuma wajen toren ne, wato inda ake jan fayil daga kwamfutocin juna, na rikodin da ba na hukuma ba, basa karɓar abunda kamfani ya fitar, basa karɓar mp3, kuma suna lissafin abunda ka ja da abunda ka mayar, dan haka in ka gama saukewa kar ka rufe manhajar nan take, ka barta wasu su ja daga wajenka. Nasan wannan yana da nauyi ga mai sayen data da kuɗinsa, shawarata ka riƙa yi da garaɓasar dare ko inda ka samu wayfay, kuma ka riƙa ɗaukar abu ɗaya a lokaci. Awa ɗaya na FLAC, wato fayil ɗin sautin da ba'a rage masa komai ba, mai ingancin CD yana cin wajen mega 300 zuwa 400, kaga kenan na Club Front kaɗai sai ka tanadi giga biyu zuwa uku. Sai LosslessBob, wanda shi kundin rajista ne, kowane kwafin da yake yawo an bashi lamba mai farawa da LB, da bayanin tushensa da ra'ayi kan ingancin sautinsa, kuma rana ɗaya tana iya samun kwafi biyar ko goma daban-daban a wajen. YouTube yana da amfani dan ɗanɗanawa, kaji ko abun ya maka, amma kar ka ciro daga can ka ajiye kace ka tara, an riga an matse sautin kuma yawancin masu ɗorawa basa rubuta daga ina suka samo.

In ka shiga irin waɗannan wuraren ka yi karatu da yawa kafin ka fara tambaya. Yawancinsu dattawa ne, wasu tun zamanin aika kaset ta gidan waya suke harkar, suna da kirki matuƙa in sunga ka yi naka ƙoƙarin, amma wanda ya shigo ranar farko yace a turo masa komai ba'a cika kula shi ba.

Mataki na huɗu shine zuciyar aikin, karanta salsala. Duk folda ta kirki tana zuwa da ƙaramin fayil na rubutu, kuma shi zaka fara buɗewa kafin waƙa. A ciki zakaga layi irin wannan: SBD > cass/2 > DAT > CDR > EAC > FLAC. Ma'anarsa an ɗauko sautin ne daga miksa kai tsaye, wannan ne SBD, aka samu kaset wanda yake kwafi na biyu daga asali, aka juye shi a DAT, wato tef na dijital, daga nan zuwa CD, aka ciro da manhajar Exact Audio Copy aka mai da shi FLAC. In kaga AUD to da makirufo aka naɗa daga cikin ɗaki ko daga waje. Wanda ya taso zamanin da ake kai kaset kasuwa a yi masa dubin ya san abunda nake nufi, na farko garau, kwafin kwafi ya fara shuu, kafin a kai na biyar muryar ta dushe ganga ta zama kamar ana dukan katifa. Haka abun yake a nan, duk juyi ɗaya na kaset zuwa kaset yana ƙara hayaniya yana cinye saman sauti, kuma yana iya canza saurin tef ɗin. Shi yasa masta, wato asalin tef, yafi jen na ɗaya, wato kwafin farko, jen na ɗaya yafi na uku. Daga lokacin da aka shiga dijital kuma, in dai ba'a matse ba, kwafi dubu ma ɗaya ne da na farko.

Matsalar rihazal ita ce salsalarsa ta fi ta wasan dandamali duhu. Wasan dandamali akwai wanda ya shiga da rikoda a ɓoye kuma sau da yawa an san laƙabinsa da irin na'urarsa. Rihazal kuwa daga cikin gida yake fitowa, kaset ne da aka naɗa dan makaɗa su tafi da shi su yi bita ko dan shi Dylan ɗin ya saurara, wanda ya fitar da shi kuma bazai so a san shine ba. Dan haka zaka yawaita ganin an rubuta ba'a san jen ba, ko kuma salsalar ta fara daga silba kawai, wato CD ɗin da 'yan butleg suka buga a masana'anta. Wannan ba dalilin ƙin karɓa bane, sau da yawa shi kaɗai ne ake da shi, amma ka rubuta gaskiyar yadda take, kar ka ƙara masa daraja da bakinka. Kuma ka yi hattara da wanda aka rubuta masa remaster, wasu sun iya aikin tsakani da Allah, wasu kuma sun murɗa na'urar cire hayaniya ne har murya ta koma kamar daga cikin ruwa take fitowa. In akwai ɗanyen kwafi ka fara ajiye shi, gyararren ya biyo baya.

Mataki na biyar gajere ne amma kar ka tsallake. A cikin foldar zakaga fayil mai ƙarewa da ffp ko md5 ko st5, lambobin tantancewa ne. Sauke Trader's Little Helper a kwamfuta mai Windows, kyauta ne, ka bashi wannan fayil ɗin ya gwada, in komai ya dace to abunda ka sauke bai samu rauni a hanya ba, in ɗaya ya faɗi ka sake jan wannan waƙar kaɗai. Da network irin namu mai yankewa wannan gwajin dole ne. Lambar ffp ɗin kuma zaka iya kai ta LosslessBob ka bincika, sai ya gaya maka wane LB ne a hannunka ko da wani ya canza wa foldar suna. In ka haɗu da tsofaffin fayiloli masu shn, tsarin da ake amfani dashi ne kafin FLAC, ita dai wannan manhajar tana buɗe su.

Mataki na shida, duba ko an taɓa matse shi. Akwai masu ɗaukar mp3 su mai da shi FLAC, girman fayil ya ƙaru amma abunda ya ɓata ya riga ya ɓata. Sauke Spek, ka ja waƙa ɗaya ka jefa a ciki zai zana maka hoton sautin. CD yana kaiwa har wajen kilohaz 22. In kaga an yanke saman hoton a miƙe tas a kan 16, sama dashi baƙi ƙirin babu komai, to kusan tabbas mp3 ne na 128, masu 320 kuma suna yankewa wajen 20. Amma a nan ne sababbi suke kuskure, tsohon kaset na 1978 dama can kiɗansa baya kaiwa sama, yana iya dusashewa tun daga 10 ko 12, bambancin shine na kaset a hankali yake dusashewa kuma shuu ɗin tef ɗin yana ci gaba har sama kamar hazo, na mp3 kuwa yanka ne kamar da reza, wani lokacin da ramuka masu kusurwa a ƙasan layin. Abunda ya bi ta MiniDisc shima yana nuna irin wannan alamar, na rediyon FM kuma yana tsayawa wajen 15 ba tare da laifin kowa ba. Dan haka ka haɗa hoton da abunda salsala ta faɗa kafin ka yanke hukunci.

Mataki na bakwai, saurin tef. Wannan yana damun rihazal sosai kuma mutane da yawa basa lura, suna ta jin Dylan da siririyar murya suna zaton haka yake a shekarar. Kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa, amma ba kowane dek ne yake riƙe wannan daidai ba, in an naɗa a mai nawa aka kunna a mai sauri sai komai ya tashi sama. Bambancin kashi 6 cikin ɗari yana ɗaga waƙa rabin mataki cif, kashi 3 ma kunne mai kyau yana ji. Jita ba abin dogaro bace wajen gwaji dan ana iya ɗaure ta sama ko ƙasa, amma hamonika da fiyano basa canzawa a tsakiyar zama, kuma Allah ya taimake mu Dylan mai hamonika ne. Ka buɗe waƙar a manhajar Audacity, ka zaɓi inda aka ja sauti ɗaya dogo, ka shiga Analyze ka danna Plot Spectrum. Sautin A ya kamata ya zauna a 440, in ka ganshi a 453 to tef ɗin yana gudu da kusan kashi 3. Wata dabarar kuma ita ce gurnanin wutar lantarki da yake shiga rikodin, a Amurka 60 ne, a Turai 50, in kaga siririn layi a wajen 62 a tef ɗin Santa Monica ka san akwai gudu, sai dai ka tuna gurnanin yana iya shiga ne lokacin wani juyin daga baya, dan haka shaida ce ta biyu. Gyaran kuma da Change Speed ake yi (a sabuwar Audacity sunansa Change Speed and Pitch), wanda yake canza sauri da tashin murya tare yadda tef yake yi, ka raba 440 da 453 ya baka 0.971 ka sa. Kar ka taɓa Change Tempo ko Change Pitch, su ɗaya suke gyarawa su bar ɗayan a karkace. Kuma akan kwafi zaka yi wannan aikin, asalin foldar ka barta yadda ta zo.

Mataki na takwas, tabbatar da rana da kunnenka. 'Yan butleg sun sha rubuta ranar ƙarya ko su haɗa zama uku a faifai ɗaya su bashi rana ɗaya, wani lokacin ma su cusa gwajin sauti na kafin wasa su kira shi rihazal. A nan sanin makaɗa yake aiki. Goge irin na Turawa a gaba-gaba tare da muryar Dylan, yawanci Scarlet Rivera ce, kana cikin 1975 ko 1976, sai dai a 1978 ma akwai goge, na David Mansfield. A Rundown, Rob Stoner ne mai bes daga Disamba 1977 har aka gama zagayen Japan da Ostireliya, bayan nan Jerry Scheff wanda yayi aiki da Elvis ya karɓa, kaga duk tef ɗin da aka ce na Janairu ne amma bayanin ya ambaci Scheff akwai abun dubawa. Ganga ma haka, Denny Seiwell ya zauna a farkon shirin kafin Ian Wallace ya zo ya tafi rangadin. Sannan S.I.R. suna da reshe a New York suna da shi a Los Angeles, na Oktoba 1975 a New York akayi, amma akwai wani na Janairu 1976 a Los Angeles gabanin wasan Houston Astrodome na 25 ga wata, mutane suna yawan cakuɗa su. Na Club Front zaka ga wasu sun rubuta Mayu wasu Yuni, tunda zaman ba na rana ɗaya bane, in baka da tabbas ka rubuta 1987 da alamar tambaya a wata. Ga kuma tarkon da yafi kowanne sauƙin faɗawa, Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, 2/1/78 a wajensu 1 ga Fabrairu ne, Bature ɗan Ingila kuma zai karanta 2 ga Janairu, kuma duka watannin biyu ana rihazal a Rundown.

Wani abu da zaka yanke wa kanka shine ko zaka sa wasan Toad's Place na New Haven, 12 ga Janairu 1990, cikin tarin. Da 'yan kallo akayi shi a ƙaramin kulob, amma waƙa 50 yayi a zama huɗu yana gwada abubuwa gabanin fita rangadi, ni dai ina lissafa shi a gefe ɗaya da rihazal duk da na san wasu basu yarda ba.

Mataki na tara, suna da rajista. Kowace folda ka fara da shekara, wata, rana, sannan wuri, sannan lambar LB in akwai, misali 1975-10-29 Seacrest Motel Falmouth, da haka kwamfuta zata jera maka su da kanta bisa tarihi. Sunayen fayilolin ciki kuma kar ka canza, in ka canza md5 bazai ƙara gane su ba. A takardar Excel ɗin nan da ka fara, ka ƙara gurbin salsala, inda ka samo, ko ya ci gwajin ffp, abunda Spek ya nuna, saurin tef, da ra'ayinka kan sautin. In sabon kwafi ya fito na ranar da kake da ita kar ka yi saurin goge tsohon, ka saurari waƙa ɗaya a duka biyun a manhajar foobar2000 da hedfon, ka daidaita ƙarfin sauti tukuna dan wanda yafi ƙara kullum yana yaudarar kunne, kuma ka duba tsawon lokaci, sau da yawa kwafin da sautinsa bai kai ba shine yake da ƙarin minti biyu na hira tsakanin waƙoƙi da aka yanke a ɗayan, kuma a rihazal wannan hirar tana cikin abunda ake nema.

Ajiya kuma kwafi uku, biyu a had-disk daban-daban, ɗaya a wani gidan ko a Google Drive. Filasha da memori ba wajen ajiyar shekaru bane, CD ɗin da aka ƙona a gida shima yana lalacewa balle a zafinmu. Had-disk ɗin ajiya kar ka barshi a jone, ka kwafa ka cire ka sa a leda mai zif saboda ƙurar hunturu, wutar NEPA in ta dawo da ƙarfi bata tambaya. Sau ɗaya a shekara ka sake bin su da gwajin ffp, in ɗaya ya fara ciwo ka gane da wuri tun sauran biyun suna lafiya.

Wajen sauraro kuma kar ka kunna rihazal kamar album kana wani aikin, zai gundure ka, akwai tsayawa da maimaici da ɗaurin jita mai yawa. Ɗauki waƙa ɗaya ka bi ta, yadda take a album, yadda aka fara taɓa ta a Rundown a Disamba, yadda ta koma a ƙarshen Janairu bayan an canza mai ganga, sannan yadda ta fito a Budokan. Zakaji inda 'yan amshi suka samu gurbinsu, inda aka jefar da wani salon gaba ɗaya, kuma wani lokacin wallahi wanda aka jefar ɗin yafi wanda aka kai dandamali daɗi. Ka riƙa rubuta minti da daƙiƙar wuraren da suka burge ka a takardarka.

In wani ya nemi ka bashi, ka bashi foldar gaba ɗaya yadda ta zo maka, da fayil ɗin rubutun da ffp ɗin, ta had-disk ko Drive ko a zip. In kayi mp3 dan wayarka wannan naka ne kai kaɗai, kar ya fita. In kuma gyararren saurin da kayi ne kake son rabawa, ka ƙara layi a ƙarshen salsalar ka faɗi daga wane LB ka ɗauko, da manhajar da kayi aiki da ita, da kashi nawa ka rage ko ka ƙara, da abunda ka dogara dashi wajen auna wa, hamonika ce ko fiyano ko gurnanin wuta, sannan ka haɗa sabon ffp naka ka sa a ciki tare da tsohon bayanin ba tare da ka goge ko layi ɗaya ba.